Kati Ɗari da Sunana

Alhamis, 22 Jumada Ula 1439, 6:40 na safe

Littafin nan jiya aka ba mu shi a wurin taro, haɗe da biro da jaka mai tambarin jami'a. An ce mu riƙa rubuta abin da muka koya daga masu ba mu shawara. Da Hausa zan rubuta. A ajinmu babu mai iya karanta ta.

Jiya aka buɗe shirin. Sun sa masa suna Jisr, wato gada. Mu arba'in ne 'yan shekarar ƙarshe, sai mata goma sha biyu daga kamfanoni: otal-otal, banki, kamfanin jirgi, masu dafa abincin alhazai. Duk Laraba za mu haɗu, har mako biyar. Na je. Na sa abayar da aka goge min tun ranar Litinin. Inda ake murmushi na yi. Na raba kati goma sha ɗaya.

A jikin katin an rubuta Minnatullah Tijjani, sashen kula da otal da hidimar baƙi, da lambar wayata. Larabci a gaba, Turanci a baya. Kwalin da suka zo a ciki ya ɗan lotse ta gefe guda. Katunan ciki babu abin da ya same su.

Ruƙayyatu ce ta kawo min su ranar Talata da la'asar, mai sayar da yaji kusa da inda Inna take zama da wainarta a titin Mansur, nan Makka. Ta haɗo da farantin waina da tukunyar miya. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta shigo ba.

Saura tamanin da tara.

Alhamis, 4:15 na yamma

Baba bai buɗe shagon ɗinki ba. Kwana biyu ke nan.

Juma'a, 23 Jumada Ula, 10:00 na safe

Ni da wasu ɗalibai uku an haɗa mu da Ustaza Munira. Ita ke kula da ma'aikata a wani babban otal kusa da Harami. Doguwa ce, baƙa kamar ni, ba ta ɗaga murya. 'Yar ƙasa ce, amma sunan gidansu da ke jikin katinta ya nuna inda kakanninta suka fito. Da Larabci ta yi min magana, da Larabci na amsa.

Aikin farko da ta ba mu: kowa ta rubuta sunan mutumin da ya fi kowa tasiri a rayuwarta, da dalili.

Inna Hajara yayar mahaifiyata ce. Ita ta raine ni tun ina shekara huɗu da Umma ta rasu. Ta zo aikin hajji shekara talatin da ɗaya da suka wuce, ba ta koma ba. A Nakkasa ta goye ni, da aka rushe unguwar ita ta ɗaure mana kaya muka dawo Rusaifa.

A takardar da zan miƙa wa Ustaza, sunan wata malamata ta sakandare na rubuta. Na ce ta koya min son karatu. Layi shida.

Juma'a, bayan la'asar

Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar ɗakinmu, nawa da Inna. Bai cire hula ba.

Ya ce, "Ki tattara kayanta."

Na ce, "Duka?"

"Duka. Minna, ki saurare ni. Idan aka zo aka yi tambaya, mu biyu ne a gidan nan. Mu biyu ne a iƙama, izinin zamanmu, mu biyu ne a takardar haya. Tun da muka tare mu biyu ne. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

"Ko ƙawa. Ko malama."

"Na ji."

Jaka biyu da buhu ɗaya suka ɗauke kayan. Na zaci za su fi haka. Katifarta muka ɗora a kan tawa. Yanzu gadona ya yi tudu, in na zauna ƙafata ba ta taɓa ƙasa sosai.

Asabar, 24 Jumada Ula, 1:00 na rana

Na wanke tukunyar miya. Sai da na jiƙa ta.

Litinin, 26 Jumada Ula, 7:05 na safe

Ustaza Munira ta dawo min da takardar tarihin karatuna da jan biro. Ta ce in sauya kwanan wata zuwa na Miladiyya, kamfanoni da shi suke aiki. Ta ce in cire "ina son karatu da girki". Ta ce harsuna su hau sama: Larabci, Turanci, Hausa. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin Hausa, ta rubuta a gefe, wannan jari ne.

Na gyara duka.

Malam Rabi'u, mijin Ruƙayyatu, direba ne, takardunsa cikakku. Jiya ya je can hanyar Jidda, inda ake ajiye marasa takarda da aka kwasa. Ya yini a tsaye. Ya ce sunan Inna yana cikin jerin. Bai gan ta ba.

Baba ya ce alhamdulillahi. Na ce alhamdulillahi.

Talata, 27 Jumada Ula, 2:30 na rana

Mako guda.

Ina cikin lacca wata baƙuwar lamba ta kira. Ban ɗauka ba. Ta sake kira, na fita baranda. Muryar Inna ce.

"Minna, ni ce. Kada ki kira suna. Wata baiwar Allah ce ta ara min."

Na ce, "Na'am."

"Lafiyata ƙalau. Ana ba mu abinci. Maganin hawan jinina yana cikin gwangwanin madara, ki ba Rabi'u. Taron ya yi kyau?"

"Ya yi."

"Saƙon ya iso ki?"

"Ya iso."

"To madalla. Ki ce wa babanki kada ya zo nan. Ko kusa."

Sai ta yanke. Wayar ta nuna daƙiƙa arba'in da bakwai. Na koma aji, malama tana bayani a kan yadda ake lissafin yawan ɗakunan da baƙi suka kama. Na kwafe abin da ke allo duka. Rubutuna bai karkace ba.

Laraba, 28 Jumada Ula, 5:20 na yamma

Haɗuwa ta biyu. An jera tebura a babban zaure, kowace baƙuwa da teburinta, mu kuma muna zagayawa. Minti bakwai ake yi a tebur, sai a kaɗa ƙararrawa.

Abin da na koya:

A kalli mutum a ido.
Kada a ce ban sani ba, a ce zan bincika.
A miƙa kati da hannu biyu, rubutun yana kallon mai karɓa.
Bayan kwana biyu a tura saƙon godiya.

Matar banki ta karanta takardata har ta zo layi na huɗu.

Ta ce, "Nijeriya?"

Na ce, "Na'am."

"Masha Allah. Larabcinki kamar 'yar nan."

"A Nakkasa aka haife ni."

"Kina zuwa can hutu?"

"Ban taɓa zuwa ba."

Ta yi dariya mai daɗi, ta ce ina da basira, ta sa takardar a ƙarƙashin sauran. Ba ta yi min laifi ba. Guraben nasu na 'yan ƙasa ne, a rubuce yake a bayan teburinta.

An kawo shayi da kek. Na ci guda biyu, ban san ɗanɗanonsu ba.

Na raba tara. Saura tamanin.

Alhamis, 29 Jumada Ula, 8:00 na safe

Na tura saƙon godiya ga mutum tara. Ban jira kwana biyun ba.

Asabar, 1 Jumada Akhir, 11:30 na safe

Malam Rabi'u ya kai maganin da jaka ɗaya, sun karɓa. Jaka ɗaya kawai ake yarda. Ni na zaɓi abin da za a sa: atamfa uku, hijabi biyu, carbinta, Alƙur'aninta mai manyan baƙi, man zafi, silifa. Na sa hoton Umma na cire, na sa na cire. A ƙarshe na bar shi a ciki.

Ya ce an ɗauki zanen yatsunta. Ya ce mutanen ofishin jakadanci sun zo sun rubuta sunaye. In jirgi ya samu, Kano za a kai su. Babu wanda ya san ranar.

Baba ya tambaye shi, "Wanda aka ɗauki yatsunsa, yana dawowa?"

Malam Rabi'u ya kalli kofin shayinsa. Ya ce, "Sai dai ikon Allah, Malam Tijjani."

Bara da aka yi afuwa, aka ce duk marar takarda ya fita salin alin, Baba ya yi mata magana. Tana tsinke zogale ta ce, "In je ina? Wa na sani?" Maganar ba ta sake tashi ba.

Lahadi, 2 Jumada Akhir, 6:50 na safe

'Yar Kazaure ce. Tana da ƙane, Awwalu. Lambarsa tana rubuce a bangon wani tsohon littafin addu'a. Na kira sau biyar. Wata murya tana cewa da Turanci babu wannan lambar.

Baba a nan Makka ya tashi, iyayensa a nan aka binne su. Shi ma bai san kowa a can ba.

Za ta sauka daga jirgi da jaka ɗaya.

Litinin, 3 Jumada Akhir, 3:00 na rana

Babu kira.

Talata, 4 Jumada Akhir, 3:10 na rana

Babu kira. Gobe kowa za ta gabatar da kanta cikin minti ɗaya. Na haddace nawa a gaban madubi. Daƙiƙa hamsin da biyar.

Laraba, 5 Jumada Akhir, bayan magariba

Ni ce ta uku a rukuninmu. Na miƙe, na ce sunana Minnatullah Tijjani. Daga nan babu. Ba mantawa na yi ba, kalmomin suna nan a jere, ina ganinsu. Bakina ne bai ga dalilin faɗarsu ba. Ɗaya daga cikin ɗaliban tana riƙe da agogo. Na tsaya har ta ce lokaci ya cika. Na ce shukran, na zauna.

Da aka tashi Ustaza Munira ta ce in taya ta ɗaukar takardu zuwa wani ƙaramin ofis. Ta rufe ƙofa. Ta daɗe tana jera takardun da suke a jere. Sai ta ce, da Hausa, a hankali, kamar mai taka dutse a cikin ruwa:

"Ɗiyata, mi ya same ki?"

Hausar Sakkwato ce, ta tsofaffi. Ta ce ta kakarta ce, ita kaɗai ta rage mata, ba ta da yawa.

Na faɗa mata. Rabi da Hausa, rabi da Larabci. Wace ce Inna, da shekarun, da ranar Talata, da hanyar Jidda. Har da cewa a gidanmu take. Ban yi kuka ba. Kamar ina karanta mata rahoto.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta koma Larabci.

"Na ji. Maganar gidanku kuma ban ji ba, kada ki sake faɗa wa kowa. Kina so in fito da ita ne?"

Na ce, "Ustaza, kin san mutane."

"Na san mutane. Wannan ƙofar ba ni da makullinta, Minnatullah. Ba zan ce miki zan bincika ba alhali na san amsar."

Na ce to.

"Ki faɗa min abin da kike so wanda zai yiwu."

Na ce, "Kada ta sauka babu kowa."

Ta ɗauki wayarta ta duba wani abu. Ta ce ranar Lahadi bayan azahar in same ta a otal.

Yau ban raba ko ɗaya ba.

Alhamis, 6 Jumada Akhir, 7:30 na safe

Na faɗa wa Baba na gaya wa Ustaza. Yana shan shayi, ya ajiye kofin.

"'Yar ƙasa kika faɗa wa."

"Tamu ce, Baba."

"Taku ce a ina? Jikar wani ce da ya samu takarda. Me na ce miki ranar Juma'a?"

"Ko ƙawa, ko malama."

"Shekara ashirin da shida ina ƙarƙashin kafili ɗaya mai tsaya min, ko tarar mota ba a taɓa rubuta min ba. Saura wata uku ki gama karatu. In suka zo, ke da ni za mu bi ta. Kin san haka?"

"Na sani."

Ya wanke kofinsa da kansa ya fita.

Juma'a, 7 Jumada Akhir, 12:00 na rana

An ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfe goma. Na tsaya a tsakiyar falo da tsintsiya a hannu, Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinsa. Babu wanda ya motsa. Aka sake ƙwanƙwasawa.

Mai gyaran famfo ne, gidan sama yake nema.

Asabar, 8 Jumada Akhir, 5:00 na yamma

Baba yana gaishe ni ina gaishe shi.

Lahadi, 9 Jumada Akhir, 6:00 na yamma

Otal ɗin cike yake da masu umara. Ustaza Munira ta kai ni wajen wata mata mai jiki, tana zaune a kujerar zauren baƙi da waya biyu a cinya da tarin fasfo a jaka. Hajiya Rumasa'u. Tana da kamfanin jigilar masu umara a Kano, shekara tara tana sauke mutanenta a nan. Ustaza ta ce, "Ɗalibata ce," ta bar mu.

Na miƙa mata kati da hannu biyu. Ta karɓa ta sa a cikin jakar fasfo ba ta duba ba.

"Zauna, 'yata. Munira ta ba ni kan labarin. Allah Ya kawo sauƙi. Irin jirgin nan na san shi, yaran ofishina suna filin jirgi kullum, in ya sauka za su ji. Wannan ba komai ba ne. Abin da nake so, Kazaure wace unguwa?"

Na ce ban sani ba.

"Sunan mahaifinta?"

Na buɗe baki. Kakana ne. Mahaifin Umma. Ban san sunansa ba.

Ta dube ni ta saman gilashi. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Haka kuke 'ya'yan nan. Ba laifinku ba ne. Je ki tambayo. Sunan uba, da sana'arsa, da unguwa. Kazaure ba ta ɓatar da mutum. Alhamis zan koma gida."

Wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka tana faɗa a kan wata mota da ba ta zo ba. Ta yi min alama da hannu in tafi.

Saura saba'in da tara.

Litinin, 10 Jumada Akhir, 7:15 na safe

Jiya na faɗa wa Baba abin da Hajiya take nema. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Yau na tashi na tarar da takarda a kan jakata, irin wadda yake rubuta awon mutane. Da Larabci ya rubuta: Malam Hassan maƙeri, bayan tsohuwar kasuwa, gidan da rijiya take a ƙofa. A ƙasa ya ƙara: haka mahaifiyarki take faɗa.

Na ɗauki hotonta na tura.

Talata, 11 Jumada Akhir, 4:40 na yamma

Mako uku.

Zan rubuta sau ɗaya.

Ranar Talatar nan ba ta yi niyyar fita ba. Tun Litinin ake cewa masu kame suna zagaye a Mansur. Ta ce ƙafarta ma tana ciwo, za ta huta kwana biyu. Ni kuma mai buga katin a Mansur yake, ya ce sai Talata za su fito, taro Laraba, ni ina da jarrabawa har azahar. Na ce, "Inna, in kin ji dama-dama, ki biya ki karɓo min mana." Ta ce, "Ba gobe da safe kya karɓa ba?" Na ce ba ya buɗewa da wuri. Na ɓata rai. Na fita ban ce mata sai na dawo ba.

Tunda za ta fita, sai ta soya wainar.

Ruƙayyatu ta ce da motar masu kame ta tsaya, Inna ba ta tashi ba, ƙafar ba za ta bar ta ba. Ta zaro kwalin daga hijabi ta tura mata ta ƙarƙashin tebur, ta ce, "Kai wa Minna, gobe take so."

Shi ke nan. Na rubuta.

Laraba, 12 Jumada Akhir, 5:45 na yamma

Haɗuwa ta huɗu. Gwajin ganawar neman aiki. Matar kamfanin jirgi ta tambaye ni wane kuskure na taɓa yi, me na koya daga gare shi. Na ce na taɓa makara wajen miƙa aikin aji, na koyi tsara lokaci. Ta ce amsa mai kyau.

Na sake yin minti ɗayan. Ya fito duka. Ustaza Munira ta gyaɗa kai.

Alhamis, 13 Jumada Akhir, bayan magariba

Na dafa shinkafa. Muna ci, na ce, "Baba, ni na aike ta."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Ruƙayyatu ta faɗa wa mijinta."

Muka ci gaba da ci. Can ya ce:

"Ranar da safe ta Mansur na bi zuwa shago. Na ga motocin, uku, a bakin kwana. Na ce in na buɗe zan kira ta in ce kada ta leƙo. Ina buɗewa wani ya shigo da yadi, yana sauri, ɗaurin aure. Na tsaya awo."

Na ce, "Ba ka san za ta fita ba."

"Ke ma ba ki san za su tsaya ba."

Babu wanda ya ce wa wani ba komai. Ya tura min naman da ke gabansa, na mayar masa. Ya zauna a tsakiyar faranti har muka tashi.

Lahadi, 16 Jumada Akhir, 2:20 na rana

Saƙon murya daga Hajiya Rumasa'u, daga Kano. Ana jin ƙarar babura a bayanta.

Ta tura mutum Kazaure. Gidan yana nan, rijiyar an rufe ta. Awwalu ya rasu shekara biyu da suka wuce. Akwai 'yarsa, tana aure a garin, malamar firamare ce. Sunan Inna aka sa mata. Ta ce tun tana ƙarama ake ce mata tana da takwara a Makka. Ta ce ko yaushe ne a kira ta, za ta zo Kano.

Na sa wa Baba ya ji. Ya ce in sake sawa. Ya yi wa Awwalu addu'a, mutumin da bai taɓa gani ba.

Wa zai faɗa wa Inna?

Talata, 18 Jumada Akhir, 11:50 na safe

Wata lambar daban.

"Minna. Sun ce gobe."

Na ce, "Inna, akwai wadda za ta tare ki. Hajara sunanta, 'yar Kawu Awwalu. Ki tsaya a ƙofar fita, za su zo da sunanki a rubuce."

"Shi Awwalun fa?"

Ban ce komai ba.

Ta ce, "To. Allah Ya jiƙansa." Ta ɗan yi tari. "Wa ya nemo min su?"

"Wata malamata ce ta haɗa ni da wata."

"A taron naku?"

"E."

"Kin ga ni."

Na ce, "Inna, ranar nan da na fita…"

"Mai wayar tana jira. Ki gaida babanki. Ki ce na yafe masa ɗinkin da ya riƙe min tun sallah."

Laraba, 19 Jumada Akhir, 6:10 na yamma

Rufe shiri. An yi ado da furanni, an kawo mai ɗaukar hoto mace. Shugabar sashe ta yi jawabi, ta ce yau mun haye gada.

Wayata tana aljihu, hannuna a kanta. Ban san ƙarfe nawa jirgin zai tashi ba, ko ya tashi. Sau biyu na ji kamar ta motsa. Ba ta motsa ba.

An kira sunana an ba ni takardar shaida. Bayan hoto Ustaza Munira ta ja ni gefe. Ta ce otal ɗinsu zai ɗauke ni horon wata uku bayan jarrabawa, a teburin karɓar baƙi, saboda Hausa. Ta ce, "Horo ne kawai. Bayan shi ba ni da alkawari, kin san yadda abin yake. Amma za ki fita da takarda mai sa hannuna."

Na ce shukran, Ustaza. Na san abin murna ne. Ɗalibai huɗu kawai aka ɗauka cikin arba'in. Wata ƙawata ta rungume ni tana tsalle, ni ma na ɗan motsa don kada ta ji nauyi.

Ustaza ta tambaye ni a hankali, "Yau ne?"

Na ce e.

Ta riƙe hannuna, ta ce da Hausarta, "Allah shi kai ta lahiya."

A motar dawowa na riƙa leƙen sama ta taga. Jirgi ba ya bi ta saman Makka. Na san haka.

Alhamis, 20 Jumada Akhir, 9:00 na safe

Shiru.

Alhamis, 4:00 na yamma

Shiru. Baba ya kira ni daga shago sau uku. Duk ukun tambayata ya yi ko akwai burodi a gida.

Juma'a, 21 Jumada Akhir, 8:35 na safe

Hajiya Rumasa'u ta rubuto: An karɓe ta. Jirgin ya yi jinkiri ne.

Akwai hoto. Inna a tsaye a gefen wata mota, da abayar da ta fita da ita. Ta rame. Wata mata mai gilashi ta riƙe mata jaka, ɗaya hannun kuma ta riƙe ta a gwiwar hannu. Inna ba ta kallon mai hoton, wani abu take kallo a gefe.

Na buɗa hoton har ya dushe. Goshinsu iri ɗaya.

Baba ya karɓi wayar ya shiga ɗaki da ita. Sai da aka kira sallah ya dawo min da ita.

Asabar, 22 Jumada Akhir, bayan la'asar

Ta kira da wayar takwararta. Minti goma sha huɗu. Babu mai jira.

Ta ce hanyar duk ta sauya, ba ta gane komai ba sai duwatsun. Ta ce an yi mata tuwon dawa da miyar kuka, ba ta iya ci da yawa ba. Mutane suna ta shigowa, ana ce mata Hajiya, yara suna leƙenta. Wata tsohuwa ta zo ta ce tare suka yi tallar gyaɗa, ita ba ta tuna ta ba, amma ta ce ta tuna. Ta ce Hausarta suke yi wa dariya, wai tana sa Larabci, tana cewa khalas.

Ta ce an kai ta kabarin Awwalu da na iyayensu.

Na faɗa mata maganar otal. Ta ce, "A ina?" Na ce kusa da Harami, ta ƙofar da muke shiga. Sai ta ce, "To in kin fito aiki kina leƙawa. Ba sai kin daɗe ba."

Na ce to.

Ta ce, "Jiya da na zo yin sallah sai na tsaya da darduma a hannu. Shekara talatin ban tambayi kowa alƙibla ba. Takwara ta nuna min, ta ce nan ne gabas, Inna. Na ce to, can na baro yarinyata."

Daga nan katin wayar ya ƙare.

Na zauna a bakin gado. Hawaye ya zo, ba mai yawa ba, na bar shi. Baba ya leƙo ya koma.

Da aka kira magariba na shimfiɗa darduma. Daga Rusaifa mu ma gabas muke kallo. Ban taɓa lura ba. Ke nan tana bayana.